Darasin Dareta: taimakon maƙwabci ba bashi ba ne

A shekarar 2010, gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ciki har da ƙauyukan Dareta da 'Yargalma. Musabbabinta shi ne duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsu kuwa cike take da dalma.

Ƙura ba ta san katanga ba. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa yara magani kyauta, amma yaron da ya koma gurɓatacciyar unguwa sai gubar ta sake shiga jininsa. Dole ta sa aka bi gida-gida ana kankare ƙasa, ana zuba sabuwa, domin lafiyar kowane gida tana rataye da ta maƙwabcinsa.

Bahaushe ya san biki, wanda ake yi domin a rama wata rana. Alheri kuwa daban ne: ana yin sa ga wanda ba shi da abin ramawa. Ɗan kasuwar da ya ɗauke wa maƙwabcinsa kuɗin asibiti bai yi asara ba, unguwarsa ya tsare. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.