Ruth Wodak, malamar da ke tankaɗe maganar masu ƙin baƙi a Turai

Ƴan'uwanmu na Faransa, Beljik da Jamus sun sani, da zaɓe ya matso sai a maida baƙi abin magana. To akwai wata malama, Ruth Wodak, da ta shafe shekaru tana bin irin wannan magana kalma bayan kalma.

A Landan aka haife ta a 1950, don iyayenta sun gudu daga Ostiriya saboda ƴan Nazi. Ta yi digirin dakta kan ilimin harshe a jami'ar Biyena a 1974, ta koyar a can, a 2004 kuma ta koma jami'ar Lancaster ta Ingila.

Jawabai da hotunan kamfe take tarawa, na jam'iyyu irin FPÖ ta Jörg Haider a Ostiriya. A littafinta na 2015, The Politics of Fear, wato siyasar tsoro, ta warware dabarar. Ɗan siyasa zai jefa magana mai harshen damo a kan baƙi ko Musulmi, magoya bayansa sun gane inda ya dosa. In aka yi masa ca, sai ya ce ba haka yake nufi ba, har ya koma shi ake zalunta, wai an hana shi magana. Kafin ƙura ta lafa, jaridu sun yi kwanaki suna tallarsa kyauta. Nan fa mu ƴan rediyo ma ba mu tsira ba.

Abin da ya fi damun ta, manyan jam'iyyu na aron kalmomin nan don kada ƙuri'u su kuɓuce masu. Maganar da ake kunyar faɗi jiya, yau a majalisa ake yin ta, inda ake tsara dokar takardun zama.