Abin Da Ke Sa Baƙon Otal Ya Yi Tattalin Ruwa Da Wuta

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja cikin 1991, garin Keffi ya zama zangon matafiya. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, daga baya kuma aka kafa jami'ar jiha a garin, sai masaukan baƙi suka yi ta tsirowa, suna karɓar mutanen Abuja da 'yan kasuwar da ke gangarowa ta hanyar Panda da Gitata.

Ruwan famfon Keffi daga kogin Mada ake turo shi, kuma ba kullum yake isowa ba. Saboda haka masu otal da yawa suka dogara ga rijiyar burtsatse, wadda in babu lantarki sai an tayar da janareta kafin ruwa ya hau tanki. Watau duk bokitin da baƙo ya ɓarnatar, mai ne ya ƙone, hayaƙi kuma ya tashi. Shi kuwa baƙo a ganinsa ya riga ya biya kuɗin ɗaki, don haka sai ya fita harkokinsa ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki.

To, me zai sa ya sake hali? A 2008 wasu masana a Amurka, Noah Goldstein da Robert Cialdini da Vladas Griskevicius, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani otal. A wasu ɗakuna sun rataye takarda mai roƙon baƙo ya taimaka a kiyaye muhalli, ya sake amfani da tawul ɗinsa maimakon a wanke kullum. Kimanin kashi 35 cikin 100 suka amsa. A wasu ɗakunan kuwa takardar cewa ta yi yawancin baƙi haka suke yi, sai adadin ya kai kashi 44. Abin mamaki, da aka ce waɗanda suka kwana a wannan ɗakin ne suka yi haka, sai ya kai kashi 49, alhali baƙon bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Lalle wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, wanda ya fi gudun a ce shi kaɗai ya fita zakka a kan ya ji doguwar nasiha. Bugu da ƙari, tun yana makarantar allo aka koya masa cewa almubazzaranci da ruwa abin ƙi ne ko da a wajen alwala.

Sai dai baƙo ba wawa ba ne. Ya san ribar tattalin nan aljihun mai otal take shiga. In ya ga famfon tsakar gida yana yoyo kwana uku ba a kira mai gyara ba, ko fitilun waje suna ci da rana tsaka, takardar da aka liƙa masa a banɗaki ko kallonta ba zai yi ba.