Ji da Jin Magana: Matsayin Kunne a Koyarwar Littafi Mai Tsarki

Kalmar “ji” tana cikin gajerun kalmomin Hausa, amma kaɗan ne suka kai ta ɗaukar kaya, domin da ita ake jin ƙara, da ita ake jin Larabci ko Fulatanci, da ita ake jin zafi da ƙamshi da tausayi, kuma yaron da aka ce yana jin magana ba lafiyar dodon kunnensa ake yabo ba, biyayyarsa ake nufi. Wannan faɗin ma'ana ya sa Bahaushe ya fi mai karatu da Turanci saurin kama abin da Littafi Mai Tsarki na Kirista yake koyarwa game da kunne, saboda harsunan da aka rubuta littafin da su tun asali haka suke ɗaukar ji.

A Ibrananci, harshen mafi yawan Tsohon Alkawari, kalmar “shema” ta haɗa sauraro da fahimta da bin umarni, har ma a wurare da dama inda fassarar Turanci ta sa kalmar biyayya, wannan kalma ce a asalin nassin. Da ita aka buɗe aya ta 4 a sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a, wadda ke kiran Isra'ila su saurari shelar kaɗaitakar Ubangiji, ayar da Yahudawa ke karantawa safe da yamma, wadda kuma Yesu Almasihu ya ambata a Markus sura ta 12 da aka tambaye shi umarnin da ya fi kowane girma. A Helenanci ma, harshen Sabon Alkawari, an ƙera kalmar biyayya ne daga kalmar ji. Shi ya sa abin da Sarki Sulemanu ya roƙa a 1 Sarakuna sura ta 3, wanda aka saba fassarawa da hikima ko fahimi, a lafazin Ibrananci zuciya ce mai ji. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da ƙarshen Suratul Baƙara ma ya gwama ji da ɗa'a a bakin muminai.

Tarihin yadda wannan koyarwa ta shigo Hausa ya ratsa ta Kano. A 1900 Bishop Herbert Tugwell da Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS suka iso birnin, Sarki Alu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki, kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 gwamnatinsu ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Duk da haka, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, kuma gidansa yake nan a unguwar har yau a matsayin wurin tarihi, da mishan ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Haka ma G. P. Bargery, mai babban ƙamus na Hausa na 1934. Miller kuwa Zariya ya koma, shi ne kuma jigon fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932. Waɗannan mutane sun fara ne da kasa kunne ga Hausawa shekara da shekaru, kuma akasarin waɗanda fassarar ta isa gare su a lokacin ba su iya karatun boko ba, sai dai a karanta musu su saurara, kamar yadda ikilisiyoyin farko suka riƙa sauraron wasiƙun Manzo Bulus a bainar jama'a. Daga baya rediyo ya ɗauki aikin, inda shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos suka riƙa fita ta tashar da aka buɗe a Addis Ababa a 1963.

Nassin bai bar kunne a matsayin kwatanci kawai ba, ya taɓa naman kunnen kansa. A Littafin Firistoci sura ta 8, da Musa ya keɓe Haruna domin aikin firist, wato mai miƙa hadaya a madadin jama'a, sai ya shafa jinin rago a leɓatun kunnensa na dama kafin babban yatsan hannu da na ƙafa, masu tafsiri kuma sun daɗe suna lura da wannan jeri: ji ne a gaba, sannan aiki, sannan tafiya. A Fitowa sura ta 21, bawan da ya zaɓi zama da maigidansa bayan shekara shida, alhali yana da ikon tafiya, huda kunnensa ake yi a jikin ƙofa. Annabi Irmiya kuma ya zargi mutanensa da kunne marar kaciya, zargin da Istifanus, ɗaya daga cikin Kiristocin farko, ya maimaita a gaban majalisar Yahudawa kafin a jefe shi. Abin da Bahaushe ke kira kunnen ƙashi ke nan, kunnen da sauti ke shiga amma magana ba ta ratsa shi.

A nan ne misalin mai shuka a Markus sura ta 4 yake da nauyi, musamman ga mutanen da suka san gero da dawa. Iri ɗaya ne aka yafa, wani ya faɗi a bakin hanya, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau, kuma dukan mutane huɗun da aka kwatanta sun ji maganar, bambancinsu yana ga abin da ya biyo bayan jin. Wannan koyarwa tana karo da karin maganar da ke cewa gani ya kori ji, domin Bulus a Romawa sura ta 10 ya rataya bangaskiya a kan ji, Yesu kuma ya fifita waɗanda suka ba da gaskiya ba tare da gani ba a kan almajirinsa Toma da ya nemi ya ga tabon ƙusa. Sai dai ba ta yarda da jin da ya tsaya a kunne ba, kuma wasiƙar Yakubu ta kira wannan yaudarar kai. Masu wa'azin da ke ƙure lasifika a ranar Lahadi, a Sabon Gari ko a wani wuri, ya kamata su tuna cewa a misalin ba a ɗora laifin a kan ƙarancin iri ba.

Kurame ne suka fi gwada gaskiyar wannan koyarwa, domin in da ji na ruhu dodon kunne ne, da an rufe musu ƙofa. Littafin Firistoci ya hana zagin kurma, kuma a Markus sura ta 7, da aka kawo wa Yesu kurma mai in'ina, sai ya janye shi daga taro, ya sa yatsunsa a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama, duka alamomi ne da kurma zai iya karantawa, kafin ya furta kalmar Aramaik “iffata”, ma'ana buɗe. Kano tana da harshen kurame nata, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa a 2000, ga kuma salon Amurka da ya bazu ta makarantun da Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, ya fara kafawa a Nijeriya daga Ibadan a 1960. Ikilisiyar da ta kashe kuɗi a kan na'urorin sauti amma ba ta tanadi mai fassara da hannu ba, ta bar kurman da ke zaune a bencinta yana kallon leɓɓan mai wa'azi har a tashi.