Hoton Ɗan Sarkin Osu Da Ya Ɓata A Turai

A watan Maris na 2025, a wajen wani baje kolin zane-zane a garin Maastricht na ƙasar Holan, an fito da wani ɗan ƙaramin hoto na fenti, aka yanka masa kuɗi Yuro miliyan 15. Wanda ke cikin hoton kuwa maƙwabcinmu ne, William Nii Nortey Dowuona, ɗan gidan sarautar Osu, nan Ankara.

Gustav Klimt ne ya zana shi, wato shahararren mai zanen nan na Ostiriya da ya mutu a 1918. Yadda suka haɗu ba shi da daɗin ji. A 1897 aka kwashi mutane wajen 120 daga Gwalkwas zuwa birnin Biyana, aka ajiye su a gidan namun daji, Turawa na biyan kuɗi suna shiga kallonsu. A can Klimt ya ga ɗan sarkin, ya zana shi ta gefen fuska, da furanni a bayansa, cikin natsuwa da kwarjini irin na 'ya'yan sarauta.

Daga baya hoton ya koma hannun wani iyali na Yahudawa. Da 'yan Nazi suka kama Ostiriya a 1938 sai suka gudu, hoton ya yi ɓatan dabo. Sai bayan shekara fiye da 80 aka kawo shi wani shagon zane a Biyana, duk ya yi dauɗa. Wani masani, Alfred Weidinger, wanda ya daɗe yana cigiyarsa, shi ya tabbatar aikin Klimt ne.

To jama'a, abin da ya ja hankalinmu shi ne sunan. Mutum wajen 120 aka tafi da su, amma yau duniya ta san wannan ɗaya, don fuskarsa da sunansa sun haɗu wuri guda.

Mu fa? A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu filin Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu. Tun daga lokacin iyayenmu suka cika Nima da Maamobi, mahauta da 'yan goro da malaman allo. Hotunansu na nan cikin akwatuna, danshi na cinsu, kuma tsofaffin da za su ce wannan wane ne suna ta ƙarewa.

Masu zane ba mu rasa ba. Kwesi Botchway, wanda aka haifa a Nima a 1994, zanen fuskokin baƙar fata ya kai shi har Landan. Kafin mu kai ga fenti dai, kowane gida ya fito da hotunansa, a zauna da kaka, a rubuta suna da gari da sana'a a bayan kowanne. Allah ya ji ƙan magabatanmu.