Dodge Challenger ta shigo kasuwa: abin dubawa kafin a zuba jari

Duk mai hulɗa da dillalan mota na Kwatanu ko na Lome ya san cewa a cikin hotunan da suke turowa ta waya, tsakanin Corolla da Hilux, jifa-jifa akan ga wata mota mai ƙofa biyu, mai faɗin ƙirji, ta kwanta ƙasa kamar kada. Ita ce Dodge Challenger, ɗaya daga cikin motocin ƙarfi da gudu na Amurka, ƴar'uwar Ford Mustang da Chevrolet Camaro. Kuɗin da ake faɗi yakan yi daɗin ji, shi ya sa wasu ƴan kasuwarmu suka fara tambaya ko akwai ci a cikinta.

Kamfanin Dodge ya sake fito da wannan mota a 2008, ana haɗa ta a garin Brampton na ƙasar Kanada, kuma an daina ƙera ta a watan Disamba na 2023. To, abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, suna ɗaya ne amma inji iri-iri. Akwai ƙaramar mai silinda 6 da ƙarfin doki kamar 305. Akwai R/T mai silinda 8, akwai Scat Pack mai doki 485. Babbarsu da matasa ke rububi ita ce Hellcat, wadda ta fito a 2015 da ƙarfin doki 707, sabuwarta a lokacin wajen dala dubu 60, tana kuma iya kai kilomita 320 a awa. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, kuma tambarin Hellcat abu ne da ake saye a manna. Don haka a buɗe gaban mota a ga injin da ido. A kuma nemi makulli: Hellcat ta gaskiya tana zuwa da ja da baƙi. Baƙin yana tsayar da ita a doki 500, jan ne ke sakin ƙarfinta duka. Wanda ya ce maka Hellcat ce amma bai san zancen jan makulli ba, sai a yi hattara.

Na biyu, me ya sa ta yi araha? Motocin Amurka da yawa da ke sauka a tashoshin ruwan nan daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart da IAA. Wata hatsari ta yi, wata ambaliya ce ta ci ta, kamar dubban motocin da ruwa ya shanye a birnin Houston a 2017. Mai hatsari gyararriya ce in an samu gwani. Wadda ta sha ruwa kuwa, wayoyinta da kwamfutarta za su yi ta ba ka ciwon kai har ka gaji. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Da ita ake binciko tarihin motar a intanet, har wani lokaci a ga hotunanta na ranar gwanjo. Dillalin da ya ƙi turo wannan lamba, ya gama ba ka amsa.

Sai batun riƙo. A cikin gari Hellcat tana shan kamar lita 18 a kilomita 100, kuma mai mai kyau take so, ba na kwalba na bakin hanya ba. Cikinta yana kusa da ƙasa, ƙafafun baya ne ke ja, ga taya mai inci 20 da ramin hanya ke fasawa. In wani abu ya lalace, ba za ka shiga kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ka samo shi kamar na Toyota ba, sai an yi oda an jira.

A ganina babbar matsalar ɗan kasuwa ita ce mai saye. Corolla ko yau ka ajiye ta, gobe an taya. Ita wannan masu sonta ƙalilan ne, galibinsu a manyan birane kamar Abuja, Legas da Yamai, ga hanyar kai musu ta ƙara wuya. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2023 kuma aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso. Kuɗin hanya da na duwan duk a kan wuyanka suke. Wanda zai ɗauko ta, ya ɗauko ta da oda, bayan mai so ya ba da kafin alƙalami.