Hatsarin da ke tattare da matsar da fitilun sigina na babur

A bakin ruwan Yelwa ta Yauri, da kuma Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, akan loda babura a jiragen ruwa domin tsallaka Tafkin Kainji da su.

A wajen irin wannan lodi, fitilun sigina na gaba na cikin abubuwan da suka fi saurin karyewa, saboda yadda suka turo waje a gefen babbar fitila.

Shi ya sa wasu 'yan kabu-kabu kan sa mai wayarin ya matsar da su ciki.

Sai dai kuma ba don ado masu ƙera babur suka ware su ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun babura ta tanadi a bar tazarar aƙalla santimita 24 tsakanin siginar dama da ta hagu.

Idan aka manna su a jikin babbar fitila, haskenta kan danne nasu da daddare, ta yadda direban tirelar da ke tahowa a kan hanyar Yauri zuwa Koko ba zai gane ɓangaren da mai babur ke shirin juyawa ba.

Akwai kuma batun waya. Sauya mazaunin fitilar kan sa a yanke waya a sake haɗawa, kuma haɗin da aka naɗe da salatif kawai ba ya jure damina.

Lafiyayyar sigina kan ƙyafta sau 60 zuwa 120 a minti guda. Idan ta wuce haka, ko ta tsaya cak, to haɗin ko ƙwan fitilar ne za a fara dubawa.