Yadda Ake Sa Fom ɗin Kwamfuta Ya Lissafa Harajin VAT Daidai

ABUJA — Ɗan kasuwar da ke sayar da shinkafa da sabulu a shago guda a kasuwar Wuse yana da lissafi iri biyu a kan rasit ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ba a cajin mai saye harajin VAT a kan kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafai, alhali ana cajinsa a kan sabulu da makamantansa. Idan akawu ya ruɗe, ko dai a zalunci mai saye, ko kuma mai shago ya cika giɓin daga aljihunsa ranar da jami'an haraji suka buɗe littafinsa.

Manhajojin adana bayanai, irin su Microsoft Access wadda ta fito a 1992, suna iya ɗauke wa akawu wannan nauyi ta hanyar gindaya wa fom sharaɗi. Abin nufi shi ne, a umarci fom ɗin cewa in abu kaza ya kasance ya yi kaza, in ba haka ba ya yi wani abu dabam.

A cikin Access ana yin haka da umarnin IIf, wanda ke da sassa uku: sharaɗin kansa, da amsar da za a bayar in ya cika, da wadda za a bayar in bai cika ba. Misali, a gurbin haraji sai a rubuta =IIf([Rukuni]="abinci",0,[Farashi]*0.075). Da wannan, kayan N100,000 za su fito da harajin N7,500, buhun shinkafa kuwa ya fito da sifiri.

Sai dai akwai tarko. An kafa VAT a Nijeriya da dokar soja mai lamba 102 ta 1993, aka fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga ranar 1 ga Fabrairu, 2020. Duk wanda ya rubuta adadin a cikin fom, sa'an nan ya sauya shi, to tsofaffin rasitansa ma za su fito da sabon lissafi idan aka sake buga su, domin fom yana sake lissafi ne duk lokacin da aka buɗe shi.

Saboda haka, abin da ya fi dacewa shi ne a keɓe jadawali na musamman mai ɗauke da kowane adadi da ranar da ya fara aiki, a sa fom ya duba ranar ciniki kafin ya zaɓa, a kuma adana harajin da aka karɓa a kan kowane rasit.

Kafin a miƙa wa akawu fom ɗin, ya kamata a gwada shi da tsofaffin rasitai da aka riga aka tabbatar da lissafinsu.